Gwal Na Yara, Zazzaɓi Na Iyaye

A jihar Biktoriya ta Ostareliya, da wuya yaro ya gama firamare ba a loda shi a bas an kai shi Balarat ba. Garin yana da nisan kilomita ɗari da 'yan kai daga Melbon, kuma a can ne aka gina wani ƙauyen tarihi mai suna Sovereign Hill, wanda aka buɗe a 1970. Komai na cikinsa an mayar da shi yadda yake a zamanin da aka gano zinariya a wurin, wato 1851: keken doki, maƙera, masu yin kyandir, sojoji masu jajayen riguna. Manufar tafiyar, inji takardar da makaranta ke aiko wa iyaye su sa hannu, ita ce yara su fahimci tarihi. Madalla. Amma ni na fi sha'awar layin ƙarshe na takardar, inda ake neman iyaye 'yan sa-kai da za su raka ɗalibai.

Uban da bai taɓa zuwa taron iyaye da malamai ba, wanda ko sunan malamar ajin ɗansa bai sani ba, shi ne na farkon ɗaga hannu. Ya ji an ce akwai rafi, kuma a rafin akwai gwal na gaske.

Gwal ɗin kuwa na gaske ne. Masu kula da wurin ne ke barbaɗa shi cikin yashi don kada baƙi su koma hannu rabbana. Kowa ya san haka, har shi uban. Ana miƙa wa yaro tasa da shebur, a nuna masa yadda zai ɗebo yashi ya riƙa kaɗawa cikin ruwa har mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Yaro ya kaɗa sau biyu, ya jiƙa takalmi, ya ga agwagwa, ya manta da abin da ya kawo shi. Sai uban ya matso. "Kawo in nuna maka, ba haka ake yi ba." Shi ke nan, tasa ta bar hannun mai ita. Bayan rabin awa za ka tarar da mutum mai digiri biyu da motar kamfani ya durƙusa cikin taɓo, wando a naɗe, yana hararar wani uban da ya matso kusa da inda yake ɗiba. Yaron yana tsaye riƙe da jakar babansa.

"Baba, Malama ta ce mu taho."

"Ce mata ina zuwa. Na ga wani abu na ƙyalli."

Malama kuwa tana can tana ƙirga kawuna a karo na ba adadi. Yaran sun cika cif, iyaye ne babu biyu.

Wannan ciwon dai shi ne ya kama duniya a wancan lokacin. Mutanen Biktoriya ba su kai dubu tamanin ba a 1851, amma kafin 1861 sun haura rabin miliyan. Ma'aikatan jirgin ruwa sun riƙa tsere wa jiragensu a tasha, 'yan sanda suna ajiye aiki su ɗauki diga. Wanda ya ga yadda matasa suka yi ta kwarara Jado neman gwal a arewacin Nijar a 2014 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma akwai abin da ke rura wutar: a 1858, a nan Balarat, aka tono wani curin gwal mai nauyin kusan kilo 69. Wannan labarin kaɗai mai yi wa baƙi jagora ke faɗa iyaye su yi tsit. Yaran kuwa tambayarsu ɗaya ce, yaushe za a ci abinci.

Wasu makarantun ba sa tsayawa a yini guda. Sukan bar yara kwana biyu a makarantar ƙauyen, a sa musu tufafin zamanin da, a ba su allo da alƙalamin tsoma tawada, wani malami mai murtuke fuska ya riƙa daka musu tsawa, yana duba farcensu. Iyayen da za su kai ƙara ofishin shugaban makaranta in an ɗaga wa ɗansu murya, su ne suka biya kuɗi aka yi masa wannan, har suna roƙon a turo musu hotuna. Da an tambaye mu, mu da aka yi wa irinta kyauta, har da gyaran bulala, da mun ba da shawara a farashi mai sauƙi.

Akwai kuma tarihin da ke wucewa ta saman kai saboda ya faɗo daidai lokacin da cikin kowa ke ƙugi. Gwamnati ta ɗora wa kowane mai haƙa lasisin sule talatin a wata, ko ya samu ko bai samu ba, 'yan sanda na farautar marasa takarda. Abin ya kai ga tawayen Yureka ranar 3 ga Disamba 1854, inda aka kashe mahaƙa sama da ashirin. Shugabansu, Peter Lalor, ya rasa hannu ɗaya, daga baya kuma ya zama kakakin majalisar dokokin Biktoriya, wadda ya yi wa gwamnatinta bore, abin da zai sa ɗan siyasarmu ya gyaɗa kai ya ce ai haka ake yi. 'Yan China an sa musu harajin fam goma kowane kai a 1855, sai suka riƙa sauka a Robe ta jihar makwabta suna takowa ɗaruruwan kilomita a ƙasa. Mutanen Wadawurrung, masu ƙasar tun asali, babu wanda ya nemi izininsu kafin a farfasa ta. Duk wannan ana faɗa, sai dai a daidai lokacin uban nan yana ɗaga 'yar kwalba sama yana auna ƙwayoyi uku da ido.

Kwalbar ma saye ya yi. Nan ne darasin ke cika ba tare da malama ta buɗe baki ba, domin a zamanin haƙar ma akasarin mahaƙa wahala suka kwasa, masu shago da masu sayar da diga da gari suka gina benaye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin kashewar da uwa ta ƙulle wa yaro da gargaɗin ya sayo abin tunawa mai amfani, duk a shagon alewa suke ƙarewa, wajen wata jar alewa mai tauri da ake dafawa a gaban jama'a.

Ranar Litinin Malama za ta ce kowa ya rubuta abin da ya koya. Rabin ajin za su rubuta cewa doki ya yi kashi a tsakiyar titi. Ɗan mutuminmu zai rubuta cewa ya samu gwal, amma yana cikin aljihun teburin babansa, an ce sai ya girma.