Zuwa ga Ƙudujin Gidana

Bazazzagi, sarkin hanci, gaishe ka! Mu Kanawa mun daɗe muna neman sunan da zai zauna maka daram, ashe manoma sun riga mu raɗa shi: ƙuduji. Zauna mana, ina za ka? Ai shi ma furensa gwanin kyau ne, kamar kai in ka sha babbar rigar nan ta aro.

Bari in karanta maka tarihinka. Irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya kan zubar da dubun dubata. Sai su lafe cikin ƙasa, shekara 10 ko fiye, ko motsi babu. Ba sa tsirowa sai saiwar dawa, gero ko masara ta saki wani sinadari da suke ganewa. Da sun ji shi sai su farka, su liƙe wa saiwar, su hau zuƙe mata ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga kan ƙuduji a waje, an gama ta'asa a ƙarƙashin ƙasa, dawa ta tsumbure.

To ka rantse ba kai ba ne. Wata da watanni ba waya, ba aike. Ranar da uwargida ta kaɗa miyar kuka da man shanu, sai a ji sallama a zaure. Daga Zariya fa, jama'a! Kuma yadda ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji, ba taki, haka kai ma ba ka zuwa sai ƙarshen wata ya kama ni. Amma in faɗi gaskiya, in ka daɗe ba ka zo ba tuwon ma ba ya yi mini daɗi. Kar kanka ya kumbura, na dai faɗa ne.

Abin dariyar, maganinka a garinku yake. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke nan tun 1922, ta daɗe tana fama da ƙuduji, har ta fitar da irin masara masu jure masa. Malaman gona kuma sun ce a yaudare shi: a shuka waken soya, gyaɗa ko auduga. Saiwarsu na sakin sinadarin, ƙuduji ya tsiro da murna, ya rasa abin kamawa, ya mutu da yunwa. Na ɗauki darasi. Za mu soya albasa ranar da ba mu ɗora tukunya ba, ka taho ka tarar da wayam.

Sun kuma ce a tumɓuke shi kafin ya yi fure ya zubar da iri. Nan kam na makara, tunda yanzu har da 'ya'yanka kake tahowa, kowanne da hancin ubansa.

Ranar Juma'a tuwon shinkafa ne, ka zo. Amma ka biya ta Samaru ka riƙo mini buhun masarar nan mai jure ƙuduji.