Dawaki 163 da Shanu Biyu

Ranar da yayana ya shigo unguwarmu ta Zariya a Maraɗi da motarsa, duk layinmu sai da aka fito kallo. Mercedes C200 ce, ƙirar 2004, ta hawo daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ƙetare gada a Gaya, ta bi Doso da Ƙonni har Maraɗi. A bayanta an rubuta Kompressor da haruffan azurfa. Yaya bai san ma'anar kalmar ba, amma ya fi goge ta sau da yawa fiye da gilashin gaba.

Makanikensa ne ya warware masa. Injin motar ƙarami ne, lita 1.8, sai dai an ɗora masa kwamfireso, wata na'ura da ke cusa masa iska da ƙarfin tsiya, kamar yadda yaron maƙeri ke hura wuta da zugazugi. Iska ta yawaita, mai ya ƙone da kyau, inji ya ba da ƙarfin dawaki 163. Kwatancen makaniken bai kauce ba, domin wasu ƴan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, su ne suka yi rajistar irin wannan mahuri a 1860, kuma tanderun narka ƙarfe aka fara hurawa da shi. Mercedes ta nuna motocinta na farko masu kwamfireso a Berlin a 1921. Bambancinsa da turbo shi ne, hayaƙin inji ke juya turbo, shi kuwa wannan bel ke jan sa.

Wannan bel ɗin ne ya hana Yaya barci.

Wani dare ya ga bidiyo a waya. Wani Bature a garejinsa mai tsabta kamar ɗakin tiyata ya cire fulin da bel ke hawa a kan kwamfireso, ya sa ƙarami. Ƙaramin fuli ya fi saurin juyawa, iska ta ƙaru, dawaki sun ƙaru. Baturen ya ci gaba da bayani a kan sake saita kwamfutar mota, da faɗaɗa na'urar da ke sanyaya iska, da zuba mai mai inganci. Daidai nan kuɗin intanet ɗin Yaya suka ƙare.

"Yaya, ka bari mu ga ƙarshen bidiyon mana," na ce.

"Ƙarshen surutu ne. Abin da ake so na gani."

Makanike ya ƙi, ya ce shi da hannunsa ba zai taɓa lissafin Jamusawa ba. Sai Yaya ya tafi wajen wani mai sassaƙa ƙarfe a inji, ya nuna masa hoto, aka fere masa fuli a yini ɗaya. Daga nan abin ya zama ciwo. Ya sa an huda salansa don motar ta samu murya. Ya cire matatar iska, wai tana shaƙe inji, a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon tuwo rufaffe.

Gwajin farko bayan sallar asuba muka yi shi, a hanyar Tibiri. Gari da sanyi, hanya babu kowa. Gaskiya motar ta tashi. Kwamfireso na wani kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, salansa na amsawa, awaki na watsewa. Kafin mu hango fadar Sarkin Gobir, Yaya ya riga ya ƙirga wa kansa dawaki 200, a hanyar dawowa ya ƙara ashirin.

Sai ga ɗaurin aure a Jiratawa, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40. Yaya ya ɗauki Kawu a gaba, ni da wasu dattawa biyu a baya, huhun goro da katan ɗin dabino a but. A bakin hanya ya tsaya aka juye masa kwalabe huɗu na man ƴan ruwa-ruwa, wanda ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinsa.

Abin da Baturen ya so faɗa shi ne, iska idan aka matsa ta zafi take yi. Iska mai zafi ta haɗu da mai maras ƙarfi, sai wuta ta riƙa tashi a cikin inji kafin lokacinta. Mun ji shi da kunnenmu, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kwamfutar motar ta ji ita ma, ta janye ƙarfi don ta ceci injin. Yaya ya taka, mota ta ƙi. Wani ɗan kabu-kabu ɗauke da mace da buhu ya wuce mu, har ya ɗaga mana hannu.

"Kai yaro," in ji Kawu, "dawakin naka azumi suke yi?"

Yaya ya sake takawa har ƙasa. Bel ɗin, wanda tun safe yake sulɓewa a kan fulin da aka fere da ido, ya yi ƙara ɗaya ya tsinke. Fitilar batir ta kama, allurar zafi ta miƙe, sitiyari ya yi tauri. Muka gangara gefen wata gonar zogale muka tsaya.

Wani manomi ne ya fito da amalankensa. Ya zagaya motar, ya sa Kawu ya karanta masa rubutun azurfar, ya jinjina kai, sannan ya ɗaura igiya. Haka muka shiga Jiratawa: shanu biyu a gaba, Mercedes a baya, Kawu na amsa gaisuwar jama'a ta taga kamar hakimi. An riga an shafa fatiha da goron aro.

Gyaran ya ci sabon bel, da matatar iska, da na'urar auna iska wadda ƙura ta kashe, da walda a salansa. Makanike bai ce uffan ba sai da ya gama lissafi, sannan ya miƙa hannu.

"Alhaji, ina fulin asali?"

Kwana uku ana neman sa a gida. A madafa aka same shi, matar Yaya ta danne murfin tukunyar wake da shi, ta kuma ce ba za ta bayar ba sai an kawo mata wancan da aka fere.