Catherine da Gogan Nata

Tun 1847 Turawa ke share hawaye a kan littafin Emily Brontë, Wuthering Heights, wai babu soyayya irin ta Catherine da Heathcliff. To, ni dai ban ga abin kuka ba. Baiwar Allahn nan ta rantse Heathcliff ne ranta, amma da ta leƙa aljihunsa sai ta auri Edgar Linton mai gidan alfarma. Da rigima ta tashi, ta kulle kanta a ɗaki kwana uku ba ci, wai fushi take yi. Shi kuwa gogan ya auri ƙanwar Edgar don huce haushi, ya rataye mata kare, daga baya har kabarin Catherine ya sa aka tone. Duk littafin, karen nan kaɗai na tausaya wa.