Sarkin Hawainiyar Rano

Duk wanda ya san ƙasar Rano ya san ba a raina kiwo. Mai ƙarfi ya ɗaure sa, mai matsakaicin hali ya turke rago yana jiran babbar salla, marar shi ma ba ya rasa 'yan zabi ko tantabaru a bayan ɗaki. Ni kuwa da Allah ya tashi jarrabata, sai ya haɗa ni da babbar waya da kuɗin sallama daga aikin koyarwa a wata guda.

Ɗan ƙanena ne ya buɗe mini Facebook, wai don kada zaman gida ya gundure ni. Ina cikin shafe-shafe sai na ci karo da wani Ba'amurke ya ɗora hawainiya a hannu yana tallarta. Ja a haƙarƙari, shuɗi a gadon baya, ruwan ɗorawa a haɓa, wai daga tsibirin Madagaska aka kawo kakanninta. Kuɗinta dala 300, ba ragi. Na ɗauko biro na buga da canjin wannan rana, na goge na sake bugawa, amsa tana nan daram. Ashe abin da yaranmu ke bi da jifa a bakin shinge, wasu can kuɗin ƙosasshen rago suke zubawa kafin su taɓa shi.

Malamin makaranta ba ya shiga harka da ka, don haka na duƙufa karatu. Na gano hawainiya ta haura iri 200 a duniya, kusan rabinsu a Madagaska. Akwai ta ƙasar Yaman mai doguwar hula a ka. Akwai ta Kenya mai ƙaho uku, wadda aka kai Hawayi a 1972 don sayarwa, aka sake ta a bayan gida ta huce gajiyar tafiya, ta bazu cikin daji ta zame musu alaƙaƙai har yau. Akwai wadda masana suka bayyana a 2021, namijinta har da wutsiya bai wuce milimita 22 ba. Ko a nan Najeriya, kan tsaunin Obudu, akwai mai ƙaho huɗu. A garin Ham na Jamus kuwa kasuwa sukutum ake ci ta dabbobi masu jan ciki, mutane na bin layi da kuɗinsu a hannu.

Duk wannan nakan zazzage wa abokaina a majalisa bayan la'asar. Tun suna cewa "ikon Allah" har suka koma kallon juna. Rannan dai babbanmu ya gyara murya ya ce, "Malam, in kuɗin nan ne suka yi maka nauyi, ga masallacin unguwa yana yoyo."

Ban saurare shi ba, domin na riga na sami wani bawan Allah a intanet da ya ce yana zaune a Madagaska, kuma zai turo mini mace da namiji ta jirgi har Kano. Ya turo hotuna, na tura kafin alƙalami. Ya ce an riƙe kaya a filin jirgi, a ƙaro na sallamar ma'aikata. Na ce to bari in ji muryarsa mu gaisa. Yana ɗagawa, muna cikin gwaranci da Turanci, sai na jiyo yaron mota a bayansa yana kwarara kira: "Zariya! Zariya mutum ɗaya!" Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe har Madagaska ana lodin Zariya?" Tun daga nan lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Da ɗan ƙanena ya gama dariyarsa har da riƙe ciki, sai ya ce, "Baffa, ai ko mutumin na gaskiya ne, ba a sa hawainiya a jaka a hau jirgi." Ya karanto mini cewa akwai yarjejeniyar CITES da ƙasashe suka ƙulla a Washinton a 1973 kan cinikin namun dawa da tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa, Najeriya tana ciki tun farko, kuma ta yi tata dokar a 1985. Hawainiya tana jerin waɗanda ba sa tsallake iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da za su fito. Na ce madalla, tunda shigowa ta yi wuya, sai mu fara da ta gida. Hawainiyar Sahel da muke da ita ma ai ba ƙaramar mutum ba ce: daga yammacin Afirka har Masar ana samunta, kuma a kudancin ƙasar Girka, wajen garin Filos, akwai 'yan tsirarunta da hukuma ke ba kariya.

Ƙarshen damina na hau mota sai Kibiya, gidan kawuna. Bayan an ci tuwo na gabatar da buƙata. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya sallami yara, ya matso da buzunsa, ya rage murya.

"Kai ɗan nan, faɗa mini gaskiya. Takara za ka tsaya, ko aure za ka ƙara?"

"Kawu, kiwo zan yi."

"Kiwo. To, Allah ya rufa asiri. Amma ka sani a zuriyarmu ba mu gaji tsubbu ba."

Da rana neman hawainiya ɓata lokaci ne, kana kallon reshe tana kallonka. Da dare kuwa, in ta yi barci a ƙarshen reshe, jikinta kan yi fari-fari, tocila na haskawa za ka gan ta ta naɗe wutsiya. Wannan ilmin na je da shi, na ɗauki jikokin Kawu muka bi shingen gonaki bayan isha'i. Yaran suka yarda su nuna, amma ba mai taɓawa, wai in ta hura maka iska fatarka za ta rikiɗe. Ni na sa hannu. Ta buɗe baki ja wur tana huci, ta yi baƙi ƙirin, ta damƙe babban yatsana da ƙafar nan tata mai yatsu biyu a gefe, uku a gefe. Yara suka watse suna salati, suka tafi da tocilar. A daren na sami biyu manya, na zuba a kwalin taliya, na huda ramuka. Kafin asuba duk ƙauyen ya ji cewa malamin Rano yana kama aljanu da hannu.

A motar dawowa mu huɗu ne a baya, biyu a gaba ban da direba, kwali yana kan cinyata. Kusa da ni wata Hajiya ce mai koren mayafi, za ta biki. Ramukan da na huda ashe ɗaya ya yi faɗi. Ban ankara ba sai na ga hawainiya ta kama gefen mayafin tana hawa, ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta ajiye, ido ɗaya yana kallona, ɗaya yana kallon direba. Na miƙa hannu a hankali zan cire ta.

"Malam, lafiya? Ka ji tsoron Allah, da girmanka!"

"Hajiya, don Allah kada ki motsa, akwai baƙuwa a kafaɗarki."

Ta waiga, suka haɗa ido. Ihun da ta yi ya sa direba ya taka birki har muka sauka gefen titi, ƙofofi huɗu suka buɗe lokaci guda. Wani dattijo da ya ce mana ƙafa ke damunsa, shi ya riga kowa isa gonar dawa. Direba ya rantse ba zai ɗauki boka ba ko da ninkin kuɗi. A bayan babur na ƙarasa Rano, shi ma sai da na ce masa 'yan tsaki ne a kwalin.

Uwargida ta leƙa kwali, ta ja da baya, ta ce, "Malam, shekara talatin ina haƙuri da albashi, yanzu kuma da wannan zan yi?" Na kwantar mata da hankali da lissafin dala. Kafinta ya haɗa mini keji na waya, na sa rassa, na zuba su tare don su hayayyafa. Maimakon soyayya sai suka kumbura, suka baje haƙarƙari, suka hau juna da cizo. Na koma waya: namijin irin tamu yana da ɗan ƙaho a dunduniyar ƙafar baya. Na duba, kowanne da nasa. Hawainiya kuma ba ta son zaman tare ko da 'yar'uwarta ce. Kafinta ya dawo ya raba keji biyu, ya karɓi kuɗi biyu.

Abinci ma wani aiki ne. Ba ta cin dusa, ba ta cin ƙanzo, ba ta kallon abin da ya mutu. Sai fara mai rai, ta auna ta da idanu biyu, ta harbo harshen da ya fi jikinta tsawo, kafin ƙiftawar ido fara ta ɓace. Na ɗauki yaran unguwa aikin kamun fara, suka gane ba ni da mafita, suka haɗa kai suka ƙara farashi. Na ajiye ruwa a gwangwani, ko kallo bai ishe su ba, domin raɓa suke lasa a jikin ganye. Sai ga ni, tsohon shugaban makaranta, tsugune da asuba da tsintsiya a jiƙe ina yi wa hawainiya yayyafi, maƙwabta na leƙe ta katanga.

Abokan majalisa suka zo kallo, suka ce in gaskiya ne ta rikiɗe su gani. Na shimfiɗa jar atamfar uwargida na ɗora ta. Muka jira. Ta yi baƙi don haushi, ta sauka ta bar mu. Na yi musu bayanin cewa masana a Jami'ar Janiba sun nuna a 2015 wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙyalli a cikin fatarta ke matsewa ko su buɗe, launi ya canja, kuma fushi da zafi da sanyi da neman mace ke motsa su fiye da launin abin da ta hau. Babbanmu ya ce, "Wato dai halin mutane gare ta." A ranar suka naɗa ni Sarkin Hawainiya, ba rawani, ba alkyabba.

Mace daga baya Kawu ya aiko mini da ita cikin tsohuwar buta, da saƙon cewa wannan ce ta ƙarshe, kada in ƙara zubar masa da mutunci. Ta zo da ciki, tana ta kai-komo a ƙasan keji, har ta sami kafa ta sulale. Uwargida tana da 'yar fadamarta a bayan madafi, rama da yakuwa da kuɓewa. Can ta same ta tana tona rami a gindin rama. Ta zo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Malam, da ana faɗa a karin magana, yau ga shi a tsakar gidana. Hawainiyarka ta kiyayi ramata!"

A ramin nan ta zuba ƙwai masu laushin ɓawo, ta mayar da ƙasa ta tafi abinta. Na kewaye wurin da ƙaya, na hana shara, na hana ban ruwa, rama ta bushe. Ƙwan hawainiya ba na kaza ba ne da ake ƙirga kwana 21. Watanni yake yi a ƙasa. Hunturu ya wuce, bazara ta wuce, kajin maƙwabta suka tone gefe guda suka yi walima. Mazan nan biyu kuwa, da fara ta yi wuya suka rame, na kai su bayan gari na sake su. Har na fid da rai.

Ruwan farko ya sauka daidai da zuwan surukata jinyar ido. Da hantsi tana zaune a tabarma tana jan carbi, sai ga 'ya'yan hawainiya suna fitowa daga ƙasa, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, amma da tafiyar gado da idon gado. Wani ya hau buta, wani ya kama igiyar shanya, wani ya bi carbin Inna yana taka ƙwaya ɗaya-ɗaya. Inna ba ta yi ihu ba. Ta ajiye carbi a hankali, ta juya wajen 'yarta, tunda ba ta yi mini magana kai tsaye, ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan, idon nawa ya warke. A nemo mini mota."

Saura kasuwa. Na sa hotuna a intanet ina jiran dala. Bature ɗaya ne ya amsa, tambayarsa ta farko takardar izini, ta biyu kuma wane iri ce. Da na faɗa, ya ce irin na yammacin Afirka an daɗe ana kwasowa daga Togo da Benin da Gana, suna cikin mafi araha, kuma waɗanda aka kamo daga daji ba sa daɗewa a keji. Masu saye na gida kuwa sun zo. Wani mai maganin gargajiya ya ce zai kwashe duka in na busar masa da su. Wani saurayi ya zo da dare yana neman ta farin jini. Wani yaron ɗan siyasa ya ce maigidansa zai canja jam'iyya, yana son sirrin. Kowanne na raka shi ƙofa. Na tattara jarirai cikin ƙwarya na kai su kurmin bakin rafi, na ɗora kowanne a reshensa, ba wanda ya waigo ya yi godiya.

Keji yanzu uwargida ta zuba kaji a ciki a matsayin diyyar rama, sarauta kuma ta bi ni har wurin ɗaurin aure. Mai karatu, hawainiya ba ta da dafi, hucinta barazana ce kawai, kuma farar da ke cin amfanin gonarka take ci ba tare da ka biya yara ko sisi ba. In ka gan ta a shinge ka hana yara jifanta, ka bar ta inda Allah ya ajiye ta. In kuma wani ya ce maka yana Madagaska da ita ta sayarwa, kafin ka tura ko kwabo, ka kira shi ka saurari abin da ke tashi a bayan muryarsa.