Akori-kurar da ba ta tari

Duk wanda ya gaya muku cewa shanu ne suka jawo motata daga fadamar Auyo, gaskiya ya faɗa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake ba da labarin a majalisa ana tafawa, wai motar ce ta gaza. Ku ji daga bakin mai ita.

Sana'ata dakon kaya: shanshera daga gonakin Auyo zuwa injin casa, kwalayen bandar kifi daga kasuwar Haɗeja zuwa duk inda aka ce. Ina da tsohuwar akori-kura wadda ta girmi babban ɗana, muna lallaɓa juna, har ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 kafin mako ya zagayo, a ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Manoman rani suka koma ɗaura wa injin ban-ruwa tukunyar gas. Ni kuwa motata ta zama kishiyar uwargida, kuma ita ake fara sallama da safe.

Ɗan ƙanwata ne ya nuna min Ford F-150 Lightning, akori-kura mai aiki da lantarki, a waya. "Kawu, a Amurka in an ɗauke wuta, wannan ita ke ba wa gida." Da ya juya min kuɗinta zuwa naira, na ce ya kashe wayar kada datarsa ta ƙare a banza. Amma maganar ta riga ta shiga raina. Wani dillali a Kano ya samo min 'yar ƙarama ƙirar Caina, fara fat, mai batir a ƙarƙashin bodi. Na sayar da tsohuwa, na haɗa da kuɗin riɗi. Amarya ta iso Haɗeja a bayan babbar mota mai aman baƙin hayaƙi, domin cajinta ba zai kawo ta daga Kano ba.

Rigimar farko a gida aka yi ta. Tsohuwar motata tun daga kwana ake jin tarinta, yara su kashe talabijin su ɗauki allo, uwargida ta ɗora tukunya. Wannan kuwa sai dai a ga mutum a tsakar gida. Na ga abubuwan da shekara da shekaru ban san ana yi a gidana ba. Aka kai ƙarata wurin Inna, ta kira ni ta ce, "Kai da gidanka, ka riƙa shigowa ba sallamar mota? Ka dinga yin hon tun daga masallaci." Awakin unguwa ma ba sa tashi mata. Sai na fito na kore su da baki.

Batun caji fa? Tana so ta kwana a soket, wutar unguwarmu kuwa leƙowa take ta gaisa ta koma. Wani ɗan boko ya kwantar min da hankali cewa tun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Na yi masa godiya. Na ari janareto, na sayo fetur a galan, na zuba masa, shi kuma ya kwana yana ihu yana shayar da motar da aka saya don a huta da fetur. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji, ashe ita a baki ake ba ta." Ban tanka masa ba, don mutumin da ke hawa keke ba shi da ta cewa a harkar mota.

Yanzu ga maganar shanu. Watan Agusta ne, lokacin da ruwan sama ke haɗuwa da wanda ake saki daga madatsun Tiga da Challawa, kachalla kuma ta toshe hanyoyin da zai wuce, sai ya fantsama gonaki da turaku. Na lodo buhunan taki zan kai wa wani manomi. Allon mota ya nuna caji isasshe, amma shi allon bai san nauyin taki ba, bai kuma san yashi ba. Kana kallo lambar na zubewa. Muka iso wani wuri da ruwa ya haye hanya, bai kai gwiwa ba. Na ce wa yaron motata wannan ba ta da salansa, ba ta shaƙar iska, ruwa ba ya kashe ta. Kuma bai kashe ta ba, wannan a rubuta. Laka ce ta riƙe ta, laka kuwa ko tirela ta samu riƙewa take.

Nan take mutane suka taru, kamar yadda aka saba, kowa ya naɗe wando. Har sun sa ƙafa a ruwa sai yaron nan mai bakin tsiya ya ce, "A yi a hankali, da lantarki take aiki." Ban taɓa ganin ƙarti sun fita daga ruwa da sauri irin haka ba. Wani ya bar takalminsa ɗaya. Na rantse musu batirin a rufe yake ruf, na tsoma hannuna a ruwa na shafa mota, suka ce ai mai abu daban ne. Wani dattijo masunci ya matso da kwalekwalensa, daga nesa, ya ce, "Ɗana, in za ta saki wutar ka faɗa min in shirya koma, kifin ba zai tafi a banza ba."

Sai wajen la'asar aka samu mai amalanke ya yarda, da sharaɗin igiya ce za a ɗaura, ba sarƙa ba, kuma ni zan ɗaura. Bijimai biyu suka fizge ta suka ja mu har bakin kwalta. To ga abin da 'yan majalisa ba sa faɗa: irin waɗannan motoci in taya na juyawa ba a taka totur ba, wuta suke mayarwa cikin batir. Ina zaune a ciki na ga cajin ya ƙaru da ɗigo ɗaya. Na nuna wa mai shanu don ya yi mamaki. Ya duba, ya ce to kuɗin caji daban.

Washegari ta ƙi tashi. Bakanikena, wanda ya yi wa tsohuwa hidima tun tana da fenti, ya zo da sufanu. Ya buɗe gaba ya leƙa, ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya tashi ya karkaɗe riga. "Maigida, ina fulogi?" Babu. "Kafireto fa?" Babu. Baƙin mai? Shi ma babu. Ya samu wani bututu ya hura da baki don kada a ce bai yi komai ba, sannan ya ce a kai ta Maiduguri wurin su Mustapha Gajibo, masu mayar da bas-bas zuwa batir. Wanda ya gano ciwon wani yaro ne mai gyaran waya da haɗa sola a bakin kasuwa. Ya kwance wani akwati da ke sarrafa wutar, ya ce danshi ya shiga, ya nemi buhun shinkafa ya binne shi a ciki. A Haɗeja dai ba a rasa wannan magani. Da ya bushe ya mayar, mota ta kawo wuta. Bakanike ya karɓi kuɗin hurawa.

Yanzu na kafa faranten sola a kan rumfa. Tana shan rana da rana, lokacin da ya kamata a ce tana aiki, ni kuma in yi dako da yamma da asuba, ba fetur, ba juye, ba gyaran inji sai taya da birki. Cikin gari da Malam Madori ba wanda ya kai ni sauƙin farashi. Kasuwar Gujungu ta ranar Lahadi ce ba na zuwa, domin zan iya zuwa amma dawowa sai Allah. Don haka ina roƙon gwamnatin Jigawa, in an tashi kafa tashar cajin mota, a fara da Gujungu. Masu son haya kuma su yi magana tun da safe, kuma ranar da aka wuni da hadari kada kowa ya neme ni.