Harajin Hoto da Kasafin Kuɗin Ɗan Ci-rani a Dubai

Kasafin kuɗi, wato tsara yadda abin da ya shigo hannu zai kai mutum ƙarshen wata, ilimi ne da ke rikicewa da zarar ya isa hannun Bahaushen da ke ci-rani a Dubai, domin albashinsa ɗaya ne amma akantoci biyu ke lissafa shi. Na farko shi ne mai albashin da kansa, wanda ke ƙirga da dirhami, kuɗin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da aka ɗaure da dalar Amurka tun 1997 a kan dirhami 3.67 kowace dala. Na biyu kuwa kwamiti ne na dangi da ke zaune a Kano ko Maraɗi, wanda ke ƙirga da naira ko sefa, kuma har yau bai amince cewa ana biyan haya a ƙasar Larabawa ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, albashin mai gadin kanti a unguwar Deira ya tara sifili masu yawa idan aka juya shi, abin da ya sa kwamitin ya ɗaga shi daga matsayin yaro zuwa Alhaji ba tare da ya taka Makka ba.

Littafin akanta na farko ba shi da armashi. Masaukin wannan Alhaji shi ne gurbin gado, wato hayar katifa guda a ɗakin da mutane da yawa ke kwana bisa gadaje masu hawa biyu, inda gadon ƙasa ya fi na sama tsada, wanda ke nuna cewa a birnin dogayen benaye talaka ne kaɗai ke samun rangwame idan ya hau sama. Zirga-zirgarsa da katin Nol ce a jirgin ƙasan birnin da aka buɗe a 2009, kuma yana sane da taragon alfarma da kuɗinsa ya ninka na sauran, amma iyakar hulɗarsa da shi leƙe. Kalacinsa shayin karak ne da gurasar Indiyawa, shaƙatawarsa kuwa tsallake mashigin ruwan Dubai a kwalekwalen abra, tafiya da ƙafa kuma, wadda ita ce motar talaka a ko'ina, ba ta yiwuwa a watan Agusta lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sanannen abu ne cewa hukumar ƙasar ba ta cire haraji daga albashi, sai dai harajin sayen kaya na kashi 5 cikin ɗari da ta fara karɓa a Janairun 2018. Wannan giɓi shi ne dangi suka cike da abin da ya cancanci a kira harajin hoto. Tsayawa a gindin Burj Khalifa, ginin da tsawonsa ya kai mita 828, kyauta ne, kallon rawar ruwan da ke gabansa ma kyauta ne, amma da zarar ɗan ci-rani ya ɗauki hoto a wurin sanye da tabarau ya ɗora a WhatsApp, takardun haraji za su fara sauka kafin a kira sallar isha. Ana gane nauyin kowace takarda daga tsawon gaisuwar da ta buɗe ta: wanda ya ce "Yaya, ya aiki?" kuɗin data yake nema, wanda ya tambayi lafiya da gajiya da zafi da iyalin da ya san babu su a Dubai, sannan ya rufe da "Ranka ya daɗe", to maganar ragon suna ce ko kayan ɗakin amarya. Idan kuma a hoton an jingina da motar wani Balarabe, kuɗin kan ninka, kuma babu ɗaukaka ƙara, tun da tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Akwai kuma babin baƙi, domin duk ɗan unguwar da ya sauka sarin abaya da turare a kasuwar Naif, ko gwal na lefe a kasuwar zinariya ta Deira, yana da haƙƙin a tarbe shi, a yi masa tafinta da dako, a kuma biya kuɗin shinkafar da ya ci. Ba a cika faɗa da ƙarfi ba, amma tsakanin Oktoban 2022 da Yulin 2024, lokacin da aka dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, an samu aljihunan da suka huta.

Dabarar da aka fi dogara da ita ita ce adashi, inda abokan ɗaki ke zuba wani abu duk wata, mutum guda ya kwashe. Illarta ita ce kwasar kan faɗo daidai lokacin hutu, sai ta zarce kasuwar Dragon Mart ta koma akwatunan tsaraba cike da kayan Sin, irin waɗanda ke jibge a kasuwar Sabon Gari, in ban da ledar Dubai da ta ƙara musu daraja. Abin da kaɗai ke tsira shi ne kuɗin sallama, wanda dokar ƙwadago ta ƙayyade a kan albashin kwana 21 na kowace shekara a shekaru biyar na farko, kuma dalilin tsirarsa shi ne ba ya shiga hannun mai shi sai ranar da ya bar aiki. Kwamitin gida ya riga ya zauna ya raba shi.