Koci na cewa akwai sauran wasa, mu muna lissafin maki

Mu 'yan Ƙofar Dumi ta Bauchi ba mu cika ɗaukar maganar koci bayan an tashi wasa ba. Saurare dai muna yi, don ranar da Wikki Tourists ta buga babu mai raba mu da rediyo da waya. Amma da zarar ɗan jarida ya tare shi a bakin fili, ya fara cewa yara sun yi ƙoƙari, sa'a ce ba ta zo ba, za a koma a gyara kurakurai, kuma gasa doguwa ce akwai sauran wasanni, sai ka ji samarin da ke kan bencin mai shayi sun riga shi ƙarasawa. Sun haddace. Masu horarwa da yawa sun zo ƙungiyar nan sun tafi, kuma idan al'amura suka cakuɗe kusan duk bakinsu ɗaya.

Abin da muke yi shi ne lissafi. Bayan sallar isha'i ake haɗuwa a teburin mai shayi, wani ya buɗe teburin gasa a waya, a yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu. Akwai wani tela a layinmu da muke kira Kawu, shi bai yarda da ƙananan rubutun waya ba. Allin da yake zana yadi da shi yake zarowa daga bayan kunne, ya juya kwalin sukari, ya ja layi biyu: gida a dama, waje a hagu. Ƙungiya 20 ce a gasar Firimiyar Nijeriya, wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗun ƙarshe kuma su ne ke gangarawa rukuni na biyu. Wanda ya cinye wasanninsa 19 na gida yana da maki 57 a aljihu ko bai samo komai a waje ba. To daga wannan 57 ɗin Kawu yake fara ragewa. An yi canjaras a gida, ya goge biyu da babban yatsa. An ci mu a gida, ya goge uku, ya ɗago kai ya dubi jama'a bai ce komai ba. Kafin shayi ya huce kowa ya ga inda aka dosa, kuma sau da yawa abin da kwali ya nuna ba shi ne abin da koci ya faɗa a rediyo ba.

Shi ya sa hukuncinmu yake da ɓangare biyu. Rashin nasara a waje muna yi masa uzuri. Duk mai bin ƙwallon ƙasar nan ya san cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya, kuma mun san abin da ake nufi da a kwaso yara a mota daga Bauchi zuwa Uyo ko Aba ko Fatakwal, su sauka gwiwa a sage, washegari a ce su shiga fili. Idan suka dawo da maki ɗaya daga irin wannan tafiya har addu'a muke yi musu. Amma a zo filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a gaban idonmu, bayan mun rufe shago mun baro sana'a tun kafin la'asar, a tashi babu ci, sannan koci ya ce ya gamsu da yadda yara suka taka leda? Nan ne ake ɓatawa. Mun kalli wasan nan tare da shi. Mun ga ɗan gaba ya samu ƙwallo shi da gola ya ɗaga ta sama. Mun ga kwana ta zo 'yan baya sun tsaya kallon juna. Ba labari aka ba mu ba.

Akwai wani dattijo, tsohon direba ne, kowa Baba yake ce masa. Shi ne ke riƙe da tarihin ƙungiyar a majalisarmu, kuma duk ranar da samari suka zafafa sai ya jawo su baya.

"Ku yaran nan ba ku san Wikki ba. An kafa ta 1991, shekara bakwai kacal ta ɗauko kofin ƙalubale na ƙasa. Plateau United muka doke a wasan ƙarshe na 1998, da bugun fenariti. Maƙwabtanmu na Jos! Wancan lokacin wa yake tambayar me koci ya ce?"

"To Baba, ai maganarmu ke nan," in ji wani mai Keke Napep da ba ya rasa wasan gida. "Kofi kuka gani, ba alkawari ba. Mu tunda muka yi wayo alkawari muke sha."

"Kai ma ka ga 2016, kada ka yi butulci."

Nan kam babu gardama, don 2016 kowa ya shaida. Wikki ta faɗa rukuni na biyu a 2013, ta dawo, kuma a hannun Abdu Maikaba ta zama ƙungiyar da ake shakkar zuwa gidanta. A kakar 2016 ta ƙare a mataki na uku, bayan Rangers ta Inugu da Rivers United, Godwin Obaje kuma ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da guda 18. A wannan shekarar idan koci ya ce za a ci wasan gaba, mutane na ɗauka, saboda sun sha ganin an faɗa an cika. Mu ba mutane ne masu ƙin kyakkyawan fata ba. Sharaɗinmu kawai mai yin sa ya zo da wani abu a hannu.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara mana taka-tsantsan. Maikaba ya koma Akwa United, ya je can ya ɗauki kofin Aiteo a 2017. Obaje ma ya tafi. Wikki ta shiga gasar kofin Confederation na Afirka a farkon 2017, ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da ita tun a zagayen share fage. Cikin 'yan watanni ginin da aka yi ya fara zubewa, kuma mun koyi cewa ƙungiya na iya zama ta uku bana, baɗi ta koma neman tsira.

Amma darasin da ya fi zama mana a rai na 2023 ne. A waccan kakar an gajarta gasar, aka raba ƙungiyoyi gida biyu, goma-goma, kowa wasa 18 kawai zai buga, biyun ƙarshe a kowane rukuni su faɗi. Maganar nan ta kullum, cewa gasa doguwa ce, a shekarar ba ta da wurin zama. Wanda ya yi sakaci da wasa biyar na farko ya riga ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kakarsa. Kwalin Kawu ya nuna haɗarin tun da wuri, ana ta cewa ya cika baƙin baki. Da aka kammala, Wikki da Dakkada suka faɗi daga rukuninmu, El-Kanemi Warriors da Nasarawa United daga ɗaya rukunin, Enyimba kuma ta ɗauki kofi a hannun Finidi George. Sai 2025 ƙungiyar ta samu dawowa Firimiya. Kaka biyu muna kallon Kano Pillars da Plateau United suna karɓar manyan baƙi, mu muna bin sakamakon rukuni na biyu a waya. Wanda ya sha wannan, idan ya ji an ce a kwantar da hankali, dole ya tambaya: da wane maki?

Duk da haka majalisarmu ba ta rasa masu kare koci, kuma ni ina ganin suna da hujja mai ƙarfi. Wani malamin makaranta ne ya fi tsayawa a kan wannan. Yakan ce, to me kuke so ya faɗa? Ya fito rediyo ya ce yaransa ba su iya ba, gobe kuma ya shiga ɗakin canja kaya ya ce su fita su mutu a kansa? Ɗan wasan da ya ɓarar da fenariti yana da uwa, yana da waya, yana jin duk abin da aka faɗa. Koci na magana da mu ne a zahiri, amma rabin maganar yaransa yake yi wa. Sannan Wikki, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar nan, ta gwamnatin jiha ce. Koci ma'aikaci ne, akwai shugabanni a samansa. A ƙwallon Nijeriya an sha jin 'yan wasa na bin bashin albashi da alawus na wata da watanni, an sha jin an sayo ɗan wasan da koci bai nema ba, an sayar da wanda ya dogara da shi. Ko da irin wannan ta samu koci, ba zai iya faɗa a bainar jama'a ba sai in ya shirya tattara kayansa. Ga kuma al'adar nan ta ba koci wa'adin wasa uku, ko ya ci ko ya kama gabansa. Mutumin da takobi ke rataye a wuyansa haka, in ya ce komai zai daidaita, wataƙila kansa yake lallashi kafin mu.

Na yarda da malam har zuwa nan. Inda muka rabu shi ne, tsakanin zagin yara da shafa mana mai a baki akwai hanya. Ba mu ce koci ya tona asirin kowa ba. Muna so ne ya kira ciwon da sunansa. Ya ce wasa uku ke nan ana cin mu daga kwana, kuma makon nan a kanta za mu yi atisaye. Ya ce yarana na gajiya bayan minti 70, ga abin da zan yi. Ya ce na sa ɗan tsakiya a baya saboda mai wurin ya ji rauni. Irin wannan maganar ana iya auna ta ranar Lahadi: ko an gyara, ko ba a gyara ba. Kocin da ya yi mana haka, ko an ci shi muna iya haƙuri da shi, don mun san idonsa ya ga abin da namu ya gani. Wanda kuma kullum sa'a yake ɗora wa laifi, tsoronmu shi ne ko bai ma gano inda matsalar take ba. Wannan tsoron ne asalin shakkarmu.

Gidan kallon ƙwallo ma ya ƙara wayar mana da kai. Magoya bayan Manchester United na unguwar nan, kuma suna da yawa, sun sha irin wannan a hannun Erik ten Hag har aka sallame shi a watan Oktoban 2024. Ruben Amorim ya karɓa, ƙungiyar ta ƙare ta 15 a gasar Ingila, Tottenham kuma ta doke ta da ci ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Europa. A ranar rufe kakar ya tsaya tsakiyar fili ya ba magoya baya haƙuri, ya kuma yi musu albishir da kyawawan kwanaki a gaba. Washegari a teburin shayi 'yan Arsenal da Chelsea ba su bar su sun sha iska ba. Sai dai na Ingila raha ce, a yi dariya a watse. Na Wikki ya fi shiga jiki. Sunanta daga ruwan ɗumin Wikki na Yankari aka samo shi, giwa ce alamarta, duk inda ta je sunan Bauchi take ɗauke da shi. 'Yan wasanta muna haɗuwa da su a masallaci, a kasuwar Wunti, a wurin mai masa da safe. Ranar da aka ci ta a gida, iyayenmu mata ba sa buƙatar rediyo. Daga yadda yaro ya yi sallama ya ture kwanon tuwo sun san sakamako.

Abu ɗaya ne manyanmu ba sa sassauci a kansa. Duk zafin da za a yi wa koci, a baki yake tsayawa. Hukumar gasar tana cin tarar ƙungiyar da magoya bayanta suka yi jifa ko suka taɓa alƙalin wasa, tana iya kwashe mata maki uku, tana iya hana 'yan kallo shiga ko ta kai wasanninta na gida wani gari. Kawu ya taɓa zana wannan a kwalinsa don samari su gani da ido: dutse ɗaya, maki uku, daidai da a ci mu a gida. Shi ya sa idan wasa mai zafi ya gabato, tun daren Asabar Baba yake raba aiki.

"Malam, kai ka zauna da yaran layin masallaci. Kawu, naka su ne na bakin titi. Kai kuma mai Keke, kai ne ka fi kowa baki, kusa da ni za ka zauna."

"Baba, in ya sake cire ɗan gaba ya sa ɗan baya muna neman ci fa, sai na yi magana."

"Yi maganarka da ƙarfi, har ya ji. Hannunka dai ya zauna a aljihu. Ƙarfe uku za mu tashi, kowa ya zo da alwalarsa."